Filin Tambaya Da Amsa: Tun da aka yi min aikin hanji cikina ke kumbura, ko in gwada homiyofati?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kina lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema don wlh abin ya ishe ni. Wata uku kenan da aka yi min aiki a ciki, taifot ce ta kwantar da ni kusan sati uku ina ta shan magani a gida, rana ɗaya cikina ya murɗa ya ƙulle aka kwashe ni sai asibiti, suka ce hanjina ne ya huje, a daren aka shiga da ni tiyata kuma sun ce sai da suka yanke wani ɓangare suka haɗe. Alhamdulillah ɗinki ya warke na dawo gida, toh amma tun daga nan cikina bai koma daidai ba. Da safe ina tashi lafiya lau, ina cin abincin rana sai ya fara cika, kafin magariba ya yi tim kamar mai cikin wata shida, zani ma sai na sassauta, ga ƙugi ga murɗa, wani lokacin har numfashi na yi min wuya, in iska ta fita sai in ɗan samu sauƙi. Bayan gida kuma yau ruwa gobe shiru har kwana biyu. Da na koma asibiti likitan ya danna cikin ya ce ba komai in ci duk abin da nake so zai daina, amma ni ban ga alama ba. Ina shan jar kanwa in abin ya tashi, wani lokacin in aika kemis a siyo min tramadol, kishiyar mamata kuma ta ce in sha filasko ya wanke min cikin gaba ɗaya. Yanzu wata maƙociyata ta kawo min wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi farare masu zaƙi, ta ce homiyofati ne daga Indiya, an rubuta Carbo veg 30 a jiki ɗayan kuma Nux vomica, wai ba kemikal a ciki kuma ba ya illa. Shin in sha? Kuma wane abinci zan ci wane zan bari, don yanzu tsoron abinci nake ji har na rame. Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Daga wata ƴar uwa a Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar uwa, sannu, sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Wanda hanjinsa ya huje kuma ya tashi ya taka ƙasa da ƙafarsa ba ƙaramin haɗari ya tsallake ba, ki riƙa tuna wannan duk ranar da cikin ya dame ki.

Kafin mu je kan ƙwayoyin maƙociyarki da maganar abinci, akwai abin da nake so ki riƙe ki kuma karanta wa maigida ko wanda kuke tare, domin shi ne mai gaggawa. Duk ranar da cikin ya kumbura kuma iska ta ƙi fita kwata-kwata, ba tusa ba bayan gida, ko kika fara amai musamman kore ko mai wari, ko ciwon ya ƙi lafawa yana ta ƙaruwa, ko zazzaɓi ya biyo, ko cikin ya yi tauri kamar katako ba kya son a taɓa, ko kika ga jini ko baƙin bayan gida, toh kada ki sha komai kada ki ci komai, kada a jira gari ya waye, a tafi asibitin da ke da ɗakin tiyata. Alamun toshewar hanji ko wata babbar matsala a cikin ciki kenan, kuma wanda aka taɓa buɗe wa ciki ya fi kowa haɗarin samunta. Yanzu dai yadda kika kwatanta, kina tashi da safe ciki a saɓe, iska na fita kina jin sauƙi, wannan ya nuna hanya a buɗe take, amma ba ya nufin babu inda ta matse.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa, taifot in za ta huda hanji yawanci can ƙarshen ƙaramin hanji take hudawa, dab da inda ya haɗu da babba, kuma wurin nan yana da aikin da ba kowane ɓangare ke yi ba, shi ke tsotse bitamin B12, shi ke mayar da ruwan matsarmama jiki bayan ya gama aikinsa a kan maiƙo. In an yanke da yawa a wurin sai ruwan matsarmamar ya zarce babban hanji ya jawo zawo mai ruwa da gaggawa, musamman bayan cin abu mai mai. Sannan akwai ɗan ƙyaure tsakanin ƙaramin hanji da babba wanda ke hana ƙwayoyin bakteriyar babban hanji haurowa sama, in aikin ya shafe shi, ko kuma abinci yana daɗewa a wani lungu bai wuce ba, sai su yi yawa inda bai kamata ba, su riga ki cin abincin, su ruɓar da shi su cika ki da iska. Shi ya sa da safe lafiya, da yamma bayan an ci sau biyu sai ciki ya zama ganga. Na uku shi ne mannewa. Duk cikin da aka buɗe, ballantana wanda ƙazanta ta zuba a ciki, yana warkewa ne da tabo ta ciki, wasu zare-zare kamar saƙar gizo da ke liƙa hanji da hanji ko da bangon ciki, sai hanjin ya lanƙwashe a wani wuri abinci ya riƙa wucewa da ƙyar. Wurin da aka haɗe ɗin ma kan iya tsukewa in ya warke. Akwai kuma kaba a kan ɗinki, ki tsaya gaban madubi ki yi tari ki gani ko wani wuri na tasowa a layin tabon.

Kin ga waɗannan abubuwa kowanne maganinsa daban, kuma danna ciki da hannu na minti ɗaya ba ya rabe su. Don haka ki koma, kuma wannan karon kada ki ce "cikina na ciwo" kawai ki yi shiru. Mu mata muna da wannan kunyar a gaban likita, a gida mu yi ta bayani a asibiti baki ya mutu. Ki ce na rame, ki ce ina tsoron abinci, ki ce bayan gidana ya canza, ki tambaye shi wane ɓangare aka cire kuma tsawonsa nawa, in da hali ya rubuta miki a takarda ki adana don za ta yi miki amfani ko bayan shekara goma. Ki nemi a auna nauyinki a duba jininki, in ya ga da buƙata ya tura ki hoton ciki. In yawan bakteriya ne akwai maganin da ake bayarwa na ƴan kwanaki, in ruwan matsarmama ne akwai garin magani mai suna cholestyramine da ke kama shi, amma duk likita ne zai yanke, ba yaron kemis ba. B12 kuma hanta na ajiye na shekaru, don haka ƙarancinsa ba ya nunawa da wuri, sai can a fara kasala da jin ƙafa na dindiris, ki sa a ranki a riƙa dubawa. In ba a saurare ki ba ki nemi wani likitan fiɗa, haƙƙinki ne.

Tramadol ɗin nan ki daina. Ina faɗa da ƙarfi domin ina kyautata zaton yana cikin masu ƙara miki ciwon. Shi da kodin da danginsu suna sanyaya motsin hanji ne, kin sha don ciwo ya lafa, hanji ya kwanta, kashi ya tsaya iska ta taru, gobe ciwon ya dawo fiye da jiya, ki sake aikawa kemis. Wataƙila kwana biyun da kike yi shiru ma aikinsa ne. In kin jima kina sha kullum ki gaya wa likita ya nuna miki yadda za ki rage a hankali, kada ki yanke rana ɗaya. Magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen su ma ba abokan hanjin da aka ɗinka ba ne, suna cin bangon ciki. Farasitamol ya fi miki aminci. Jar kanwa gishiri ce mai ƙarfi, in ta haɗu da tsamin ciki iska take ƙara haifarwa, gyatsar da kike yi kina jin kamar sauƙi ne yawanci iskar da ita ta kawo ce, ga hawan jini ga wahalar ƙoda in an maida ita abin kullum. Filasko kuwa ki ba Inna haƙuri cikin ladabi, don ƙauna ta faɗa, amma shi matse hanji yake da ƙarfi ya tura, toh in akwai wurin da ya tsuke a gaba kin ga kenan ana tura kaya ta ƙofar da ba ta buɗe ba. Duk wani maganin wankin ciki, na gargajiya ne ko na bature ko na Islamic kemis, ki ajiye shi sai likitan da ya san aikinki ya yarda.

Yanzu homiyofati. Mutane da yawa suna ɗauka maganin itatuwa ne irin na Indiya, ba haka ba ne, asalinsa ma ba Indiya ba ne duk da can ya fi karɓuwa yanzu har gwamnatinsu na da ma'aikatar da ke kula da shi tare da sauran magungunansu na gargajiya. Wani likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da shi a 1796. Tunaninsa shi ne abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, in aka ba mara lafiya ɗan kaɗan daga cikinsa zai warkar da irin wannan alamar, kuma wai iya yadda aka tsarma shi da ruwa aka girgiza iya ƙarfinsa. Lambar 30 da kika gani a kwalbar ma'anarta kenan, a ɗauki ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 a girgiza, a ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, haka har sau 30. Lissafi ya nuna tun daga wajen zagaye na 12 da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ainihin abin da aka fara da shi. Sai a ɗiga ruwan a kan ƴan ƙwayoyin sukari, shi ne zaƙin da kika ji. Carbo veg daga gawayin itace aka faro shi, amma a 30 babu gawayin, sukari ne ya rage. Nux vomica kuma ƙwallon wata bishiya ce mai ɗauke da gubar da ake kira strychnine, a 30 ita ma babu ita, sai dai ki kiyayi na ruwa wanda ba a tsarma sosai ba, wannan yana iya ɗauke da gubar da gaske kuma galibi a cikin sinadarin barasa ake jiƙa shi.

An yi bincike ba sau ɗaya ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara nazarce-nazarcen da aka yi ta ce ba ta samu ko cuta ɗaya da ke da ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta ba, a 2017 kuma hukumar lafiya ta Ingila ta ba likitocinta shawarar su daina rubuta shi. Maƙociyarki ba ƙarya take yi miki ba in ta ce wani ya sha ya ji daɗi, kumburin ciki dama yana zuwa yana tafiya, kuma mutum in ya sa rai ga magani, aka zauna aka saurare shi, jikinsa kan saki ya ji sauƙi na gaske na ɗan lokaci. Amma ƙwayar sukari ba ta kwance hanjin da ya manne, ba ta buɗe wurin da ya tsuke. Abin da nake jin tsoro a kanki ba ƙwayar ba ce, jinkirin ne, ki yi wata biyu kina tsotsa kina jira kina ƙara ramewa, ko ranar da amai ya fara a ce ƙara ƙwaya biyar ki kwanta, har akwai masu cewa in ciwo ya ƙaru alamar magani ya fara aiki ne, wannan magana a kan mai ɗinki a hanji tana iya kai mutum kabari. Ni dai shawarata ki yi mata godiya, kuɗin kuma ki sayi ƙwai da kifi da su.

Abinci kuwa nan ne kike da iko sosai, kuma nan za ki ga canji in kin yi haƙuri. Abu na farko ba ma irin abincin ba ne, yadda ake ci ne. Ki bar cika kwano sau uku, ki raba shi sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan, a zaune, a nutse. Mu Hausawa tuwo haɗiya muke ba ma taunawa, a yi loma a dangwali miya a tura, toh ke yanzu ƙaramar loma za ki yi, tuwon ya yi laushi miya ta wadata, nama kuma ki tauna har ya zama kamar kunu a baki. Ruwa ki riƙa kurɓa tsakanin abinci duk yini, kada ki ɗaga kofi biyu a kan abinci lokaci ɗaya. Lemon kwalba da maltina da duk abin da ke tsiyayar iska ki bari, cingam ma haka, da shan abu da tsinke, duk iska suke cusa miki. Bayan kin ci kada ki miƙe a katifa, ki zaga tsakar gida minti goma ko sha biyar, tafiya na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da hanji, ga ta kyauta.

Na sati uku zuwa huɗu ki jingine manyan masu kawo iska. Wake da duk ƴaƴansa, ƙosai, alale, ɗanwake, shinkafa da wake. Albasa da tafarnuwa, waɗannan mutane ba sa zarginsu amma suna gaba-gaba, kuma na san miya ba albasa ba ta shiga, toh dabara ita ce ki soya ta a mai ta ba da ƙamshi ki tsame ta ki yar, abin da ke kumbura cikin ba ya narkewa a mai, ko ki yi amfani da koren lawashi. Kabeji. Madarar gari da ta gwangwani da ɗanyen nono, domin hanjin da ya sha wahala sau da yawa yakan kasa narkar da sukarin madara na wani lokaci, kindirmo mai kyau ya fi sauƙi, ki gwada cokali kaɗan ki gani. Kayan alkama su ma ki rage, burodi, taliya, indomi, gurasa, fanke, semo. A ƴaƴan itace mangwaro da kankana da tuffa da dabino da yawa, har zuma, suna kumbura masu irin cikinki. Wannan tsari masana a jami'ar Monash ta Ostireliya ne suka tsara shi, an fi gwada shi a kan masu ciwon hanjin da ba na tiyata ba, amma dalilin ɗaya ne, rage abin da bakteriya ke ruɓarwa, kuma su kansu sun ce ba a dawwama a kai.

Akwai rukuni na biyu da ya fi damuna, masu zare da ƙwallo da ɓawo waɗanda kan dunƙule su tsaya a wurin da ya matse. Goruba, aya, rake, kanya, magarya, gugguru, gasasshiyar masara, kwakwa, gyaɗa mai ɓawo, tottuwar lemon zaƙi, kwaɗon rama da na zogale da ba su dahu lugub ba, ganda, kilishi. Kada wani ya ce miki ki dage da ganye da dusa don bayan gida ya zo, wannan shawarar mai lafiyayyen hanji ce, ke sai an tabbatar hanya ba ta tsuke ba.

To me ya rage? Da yawa. Farar shinkafa mai laushi, tuwon shinkafa, tuwon masara ko na dawa da aka tankaɗe sosai, kunu da koko da aka tace, faten dankalin turawa, doya dafaffiya, miyar kuɓewa ko kuka mara yaji da yawa don santsinsu na taimakon wucewa, kabewa da karas da aka dafa suka yi laushi, ƙwai, kifi, kaza, farfesu mara maiƙo, ayaba wadda ba ta nuna ta yi baƙi ba, gwanda. Kin ce kin rame, don haka ƙwai ko kifi ko nama ya shiga cikinki kullum, jiki ba ya gina tsoka da koko zalla. Mai kuma kaɗan-kaɗan, in kin lura zawo na biyo bayan soye-soye ki faɗa wa likita, alama ce mai amfani gare shi. Shayin citta ko na na'ana'a mai ɗumi bayan abinci ba laifi, sai dai na'ana'a kan tayar wa wasu ƙwannafi. Akwai maganin iskar ciki mai suna simethicone a kemis, ba ya shiga jini, wasu na jin daɗinsa wasu ba sa ganin komai. Tsumma mai ɗumi a kan ciki da kwanciya ta gefen hagu a naɗe gwiwa su ma suna taimaka wa iska ta samu hanya.

Ki samu ɗan littafi irin na ƴan makaranta, kullum ki rubuta me kika ci, ƙarfe nawa, yaushe cikin ya tashi, ya bayan gida ya kasance. In sati huɗun sun cika kin ga sauƙi sai ki fara dawo da abubuwan rukunin farko ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki ba shi kwana uku kafin ki ƙara wani, ki fara da alale na waken da aka jiƙa aka surfe aka zubar da ruwan jiƙon, rabin gwangwani kawai. Ta haka za ki gane naki abokan gaba, don na wata ba lallai su zama naki ba. In kuma sati huɗu sun wuce babu wani canji, kada ki ƙara tsuke abincin, ki ɗauki littafin ki kai wa likita.

Daka da jan ruwa a rijiya da ɗaukar jarka ki bar wa yara tukuna har likitan ya duba ɗinkin ya sallame ki. In kuma akwai ramuwar azumi a kanki ki tambaye shi kafin ki fara, domin wuni ba ci sannan a cika ciki da ƙosai da kunu lokaci ɗaya shi ne ainihin abin da hanjinki ba ya so yanzu. Ki sake rubuto mana bayan kin koma asibiti, ina son in ji wane ɓangare suka ce sun cire da abin da awon jinin ya nuna. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, a gaida maigida da yara.